Tanar da Baba Mai Lambu Ya Hawo da Ita Bene

Ni mai ɗinki ce, kuma abu biyu ne ba na shiri da su a duniya: mai kawo yadi yau ya ce gobe yake so, da duk wata halittar da ke tafiya ba ƙafa. Shi ya sa ranar da na buɗe ƙofata da safe na tarar da tana, tsutsar nan ta cikin danshin ƙasa, ta miƙe samɓal a kan dandamalin gaban ɗakina, ihun da na kurma sai da ya fito da mutanen hawan ƙasa. A hawa na uku muke fa. Mai kawo mana ruwa ma sai ya huta a hanya kafin ya iso, ballantana abin da ko ƙashi ba shi da shi.

Ƙofar da ke kallon tawa ta buɗe, Baba Mai Lambu ya leƙo. Ya dubi inda nake nunawa da tsinin almakashi, ya dafa bango ya duƙa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗauke ta da yatsu biyu a hankali ya ɗora a tafin hannunsa.

"Yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Tawa ce, ɓatan kai ta yi."

"Taka ce, Baba? Kiwonsu ka koma yi?"

"Aiki suke min."

Ya juya ya shige ciki da abarsa, ya bar ni tsaye da almakashi a hannu. A ranar dariya na yi ta yi har na ɓata wuyan rigar mutane. Yanzu in na tuna, ba dariya ce ke zuwa min ba.

Baba Mai Lambu mahaifin maƙwabciyata ne. Ita ma'aikaciyar jinya ce, mijinta direban babbar mota wanda sai ya yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba, amma duk gidan Auta muke ce mata, don haka muka ji iyayenta suna kiranta. Shi kuwa Baban, lambu ya tashi ya tarar a bakin kogi, can nesa da birnin nan. A ciki ya yi ƙuruciya, a ciki ya yi furfura. Tumatir, albasa, tattasai, latas, karas, babu wanda bai bi ta hannunsa ba. Na taɓa auna shi zan ɗinka masa riga, da na ga tafin hannun nan sai na ce, "Baba, wannan ai ko allurar keke ba za ta huda shi ba." Ya ce, "Ƙaya ta yi shekaru tana gwadawa, har ta haƙura."

Yadda yake sanin ƙasa, in ji Auta, shi ne ya damƙo ta ya matse, ya shinshina, sannan ya ɓare dunƙulen ya duba ciki. In ya ga tana, sai ya gyaɗa kai ya ce ƙasar nan da ranta. In bai gani ba, ko kyauta ka ba shi filin ba ya so. A wurinsa ita tanar nan ma'aikaciya ce da ba ta yajin aiki: ita ke huda ƙasa iska ta shiga, ita ke cinye ruɓaɓɓen ganye ta mayar da shi taki. Masu kamun kifi sun san shi sarai. Duk wanda ya shigo lambunsa da gwangwani zai tono abin sa wa ƙugiya, da ƙotar fartanya ake raka shi har bakin shinge. Auta ta ce ita kanta ta taɓa shan rankwashi don ta raba ɗaya biyu da tsinke wajen wasa.

Wannan ƙaunar kuwa tana da tushe. Wata shekara, Auta na goye, kogi ya yi ambaliya ya shafe lambunan wurin, da ya janye ya bar musu yashi tsantsa har gwiwa. Maƙwabtansa suka tattara suka tafi birni dako da gadi. Shi ya ƙi. Ya kwashe yashin da kwando, ya yi ta jigilar taki a kai, sannan ya riƙa zuwa can gindin itatuwa inda ruwan bai kai ba, yana tono tana yana kawowa yana binnewa kunya-kunya. Mutane suka ce asara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kafin shekara ta zagayo lambunsa kaɗai ne kore a bakin kogin. Ya ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da ya zo wurin koren sai ya tsaya ya dube ni, ko zan yi musu.

Rashin lafiyar matarsa ce ta raba shi da lambun. Inna muke ce mata. Da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Auta ta ce su dawo wurinta kusa da asibiti, ya bar wa ɗan ƙanensa lambun suka taho. Ina tsaye a baranda ranar da motar ta sauke su. Aka fito da katifa, aka fito da akwati da buhun albasa, sannan aka fito da Inna, 'yar ƙaramar tsohuwa ba auki, rungume da tukunyar ƙasa mai shuka a ciki. Duk tsawon tafiyar a cinyarta ta riƙe ta, ta hana a sa a bayan mota.

Shukar irin ta cikin ɗaki ce, mai kaurin jiki gaɓa-gaɓa, mai faffaɗan ganye kore shar da ɗigo-ɗigon fari a tsakiya. Ban san sunanta ba, ita ma Inna ba ta sani ba. Wata mata da ke sayen latas a wurinsu ce ta yanko mata reshe tun Auta ba ta shiga makaranta ba, ita kuma ta yi ta riƙo, in ta yi tsayi ta sare ta sake dasawa. Baba kuwa bai taɓa ɗaukar shukar a bakin komai ba. "Ba a ci, ba a sha, ko akuya in ta shinshina wucewa take yi," haka yake cewa. "Shukar masu zaman banza." Sai Inna ta rufe baki da gefen mayafi ta yi dariya ta ce, "Malam, kai da naka lambun, ni da nawa. Na taɓa zuwa na ce albasarka ta matse juna?"

Aka ajiye tukunyar a falo, gindin taga. In jikin Inna ya yi dama-dama takan tsallako wurina ta zauna a kan benci tana ɗaura min maɓalli muna hira, in za ta tafi ta tsinci ƙyallen auduga mai laushi a tarkacen da ke ƙarƙashin keke, wai na goge ganye. Iyakar abin da na sani game da hidimar shukar ke nan. Shi kuma Baba yini yake yi tsakanin asibiti da kantin magani da bakin gadonta, yana ɓare mata lemo, yana mata faɗan ba ta cin abinci. In ta yi barci ya sauka kasuwar bayan layi, ba don ya sayi komai ba, sai don ya ɗaga tumatirin mutane ya gaya musu tun bai nuna ba aka cire shi. Masu kayan miya in sun hango shi sai su fara rufe tire.

Ana tsakiyar zafi Inna ta rasu, da hantsi. Na yi kuka kamar uwata ce, don tun da na rasa tawa ba wanda ya ƙara ce min in tashi daga kan keke in miƙe bayana sai ita. Baba bai yi kuka a gaban kowa ba. Da masu gaisuwa suka watse ya ce zai koma bakin kogi, Auta ta ce ba inda za shi da waɗannan gwiwoyin, wa zai dafa masa, wa zai duba shi. Ya zauna. Mutumin da bai saba rana ta fito ta same shi a ɗaki ba ya koma zaman kujera, hannuwan nan biyu ajiye a kan cinya ba su da abin yi. In Auta ta tafi aiki nakan bar ƙofata a buɗe don ya riƙa jin ƙarar keke, ya san da mutum kusa.

Wata safiya ya ƙwanƙwasa min. "Zo ki gani, 'yata." Na bi shi falo, ya nuna min ganye ɗaya na can ƙasa da ya yi rawaya. Na ce masa ai ganyen ƙasa tsufa yake yi ya faɗi, ko a jikin bishiya haka ne. Bai ma ji ni ba. Ya tsaya yana kallon shukar da ya yi shekaru yana yi wa ba'a, ya ce, "In ka cire yara, ita kaɗai ta bari mai numfashi. Ni da ake ce wa Mai Lambu, in wannan ta mutu a hannuna, me zan ce na iya?"

Daga ranar ya karɓi aikin, kuma ya karɓe shi yadda ya san aiki. A lambu safe da yamma ake ban ruwa, saboda haka safe da yamma Baba yake cika buta ya juye a tukunyar har ruwan ya tsatso ya cika farantin da ke ƙarƙashi. Ganyen suka fara sunkuyar da kai. A lambu in ganye ya sunkuya ƙishirwa ce, sai ya ƙara da na tsakar rana. Da abin ya ƙi, ya tura yatsa cikin ƙasar ya tono, ya matse, ya shinshina, ya ɓare. Yashi-yashi ce ba nauyi, kuma ko tana ɗaya babu a ciki.

"Na gano ciwon," ya ce min, fuskarsa har da haske, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar. "Matacciyar ƙasa ce. Yadda baiwar Allar nan ta raya abu a cikinta, ikon Allah ne kawai."

Sai ga damina ta sauka. A bayan benenmu akwai wani lungu inda famfo ke ɗiga, ƙasar wurin baƙa ce wuluk. Duk ranar da aka wayi gari da ruwa, Baba zai ɗauki gwangwanin madara da tsohon cokali, ya sauka yana dafa ƙarfen bene yana hutawa, ya tsuguna a lungun ya yi ta tono. Ya hawo da gwangwani cike da tana da baƙar ƙasa ya zuba wa shukar Inna. Don kada ma'aikatansa su ji yunwa, har ɓawon dankali da na ayaba yake binne musu. A cikinsu ne guda ta tsere ta zo gaishe ni.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, ba a daɗe da fara wannan jigila ba sai wani sabon ganye ya warware a can ƙoli. Ni dai na san tun Inna na da rai yake naɗe a wurin yana jiran lokacinsa, amma wa zai faɗa? Baba ya kira ni, ya kira Auta, har mai kawo ruwa sai da ya ajiye jarka ya shigo ya gani. "Me na gaya muku?" yake ta cewa. "Ƙasa ta farfaɗo." Ranar ya cinye abincinsa tas ya nemi ƙari. Washegari ya sauka lungu da gwangwani mafi girma.

Ba tawa kaɗai ce ta tsere ba. Duk lokacin da ya yi ban ruwa sai sun fito, wasu su zagaye bakin tukunya, wasu su bi ta kan tayil, a tsince su a ƙarƙashin kujera sun bushe sun ƙanƙance. Saman ƙasar ya cika da 'yan tsibin kashinsu, ƙananan ƙudaje suka samu gidan zama, falon ya ɗauki wani wari irin na kwata. Ranar da Auta ta dawo daga aiki ta zura ƙafa a silifas ta ji abu mai sanyi, nan aka yi ta. Ina jiyo su ta bango.

"Baba, don girman Allah, nan ɗaki ne, ba bakin kogi ba!"

"Ke da aka raina da abin da tana ta noma, yau ita kike ƙyama?"

Ta fito ta zauna a bencina da kayan aikinta a jiki, ta yi tagumi. Ta ce ta rasa yadda za ta yi. In ta yi magana ta zama marar kunya, in ta yi shiru shukar na mutuwa a gaban idonta, ita ma fa uwarta ce ta bari. Har ta yi tunanin ta faki idonsa ta zuba ruwan gishiri ko maganin ƙwari. Na ce ta rufa wa kanta asiri, gishirin da zai kashe tana ba zai bar saiwa ba, kuma in ya gane ba zai yafe mata ba. Na ce akwai mai fulawa a mahaɗar titi, mutumin nan da ke jera shuke-shuke a leda gefen hanya, ni nake yi wa matarsa ɗinki. Bari in kira shi, wataƙila Baba ya ji maganar ɗan'uwansa mai taɓa ƙasa.

Mai fulawa ya zo washegari da yamma, magidanci ne mai fara'a da saurin baki. Ya gaida Baba da ladabi, ya ɗaga tukunyar ya ji nauyinta, ya leƙa gindinta, ya ce, "Baba, ruwa ya yi mata yawa, kuma baƙin nan naka su suka ƙara rikita lamarin. A gona alheri ce, ba musu, don ƙasa da faɗi, in ta ci nan ta matsa can. Amma a tukunya ina za ta je? Ƙasar nan ɗaya za ta yi ta ci tana kasayarwa har ta koma taɓo, taɓon ya toshe hujin gindi, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. In abinci ya ƙare mata kuma, 'yan siraran jijiyoyin nan ba ta barinsu su zauna lafiya."

"To me za a yi?" in ji Auta.

"A samu babbar roba a cika da ruwa, a tsoma tukunyar har wuya na ɗan lokaci. Duk za su taso neman iska, a tsince su a mayar inda suka fito. Sai a zazzage ƙasar nan a sa sabuwa mai yashi, kada a ƙara ba ta ruwa sai an tura yatsa an ji ta bushe."

Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka ce ruwa ya yi mata yawa?"

"Ƙwarai, Baba."

"Maganin kuma a tsoma ta a ruwa."

"Eh, wato, na ɗan lokaci ne kawai..."

"Allah ya yi maka albarka. Auta, kawo masa shayi."

Ni kaina sai da na ƙunshe dariya. Bayan ya tafi Baba ya ce mai sayar da ganye a leda ba zai koya masa ƙasa ba, tun kafin a haifi wannan yake tare da tana, ba ta taɓa cutarsa ba. Na so in ce masa garin gyaran gira ake rasa ido, amma na dubi gwiwoyin wandonsa da suka yi baƙi da ƙasar lungu, na haɗiye maganata. Mutum ne da aka karɓe masa mata, aka karɓe masa lambu, saura abu ɗaya da ya tabbata ya sani. Ba taurin kai kaɗai ba ne, da tsoro a ciki, kuma ni da Auta duk mun gani.

Haka muka zuba ido. Ganyen suka riƙa yin rawaya daga ƙasa zuwa sama, su yi laushi, su faɗi. Ya roƙi ƙyalle a wurina ya kafa sanda ya ɗaure jikin shukar yadda ake yi wa tumatir. Ya jawo kujerarsa gindin taga, nan yake cin abinci, in ya ci ke nan. Wata rana na shiga kai masa rigar da na gyara, na tarar yana goge ganyen da suka rage da bakin hannun rigarsa yana magana ƙasa-ƙasa. Ban tsaya jin da wa yake ba, na ajiye na fito. Tausayinsa ya hana ni ƙarasa ɗinkin kowa a ranar.

Da ya rage saura 'yan ganyen ƙoli, ya sake ƙwanƙwasa min da safe. Idanunsa sun faɗa. "'Yata, mutumin nan naki na bakin titi. In bai yi fushi ba, ki ce ina roƙonsa ya dawo."

Mai fulawa bai yi fushi ba, ya zo da buhun ƙasa mai yashi da wuƙarsa. Auta ta nemi wata ta riƙe mata aiki ta zauna a gida. Muka shimfiɗa tsohuwar leda a dandamalin da ke tsakanin ƙofofinmu, na ba da robar wankina, wadda ban ƙara wanki a cikinta ba har yau. Aka tsoma tukunyar. Da farko kumfa ce kawai ke tasowa. Can sai ga su, ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, suna ɓullowa suna murɗawa a saman ruwa, yawan da ban taɓa zaton tukunya ɗaya za ta ɗauka ba. Na koma bakin ƙofata na tsaya da ƙafa ɗaya a ciki. Baba ne ya riƙa tsince su da hannunsa yana sawa a gwangwani. Mai fulawa ya ce a ba shi, akwai mai kaji kusa da shi.

"A'a," in ji Baba. "Ba su suka kawo kansu ba. Ni na hawo da su."

Ya sa Auta ta sauka da su lungu ta rufe su da ƙasa, yana leƙenta ta taga don ya tabbatar.

Da ta dawo, mai fulawa ya kwantar da tukunyar, ya bubbuga gefenta, ya jawo shukar a hankali. Warin da ya taso sai da ya sa Auta, wadda ta saba da warin asibiti, ta kau da kai. Ƙasar ta fito a dunƙule, baƙa, mai santsi, ruwa na ɗiga daga jikinta. Saiwar da ya kamata a gani fara sol ta yi duhu, in ya taɓa sai ta saɓule a yatsunsa kamar jiƙaƙƙen zare.

Ya zura hannu cikin tukunyar zai kwashe abin da ya rage a gindi, sai ya tsaya. Ya fito da gawayi, an gutsuttsura shi daidai wa daida. Ƙarƙashinsa tsakuwa. Ƙarƙashin tsakuwar kuma fasassun tangaran, an kifa su ɗaya kan ɗaya a kan hujin, an bar 'yan ƙofofi ta yadda ruwa zai wuce ƙasa ba za ta bi shi ba. Duk taɓo ya shafe su ya liƙe ƙofofin. Ya ɗauraye guda a ruwan robar ya ɗaga yana jinjina kai.

"Kai! Wanda ya yi shimfiɗar nan gwani ne. Dubi yadda aka jera, ni kaina ba na tsayawa yin haka. Ga yashi a sama don kada ta riƙe ruwa. Ai irin wannan dashen, ko mantawa da ita aka yi a gindin taga, da ba abin da zai..."

Na matso na taka masa ƙafa, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Baba ya miƙa hannu, mai fulawa ya ɗora masa guntun. Ɓarin faranti ne fari mai shuɗin layi a baki. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wannan ai a ciki take kai min abinci lambu," ya ce. "Ni na fasa shi. Na ajiye a kan kunya na manta, na juyo da fartanya na daka. Ta tsuguna ta tsince a bakin zanenta, na ce ta zubar kada ya yanki wani." Ya shafa shuɗin layin da babban yatsa. "Ashe nan ta kawo shi."

Auta ta toshe baki da hannu ta juya wa bango fuska, kafaɗunta suna rawa.

Mai fulawa, da ya gane abin da bakinsa ya jawo, ya yi saurin cewa kada a fid da rai tukuna. Irin wannan shukar ko gaɓa ɗaya aka samu mai lafiya, in aka dasa za ta tsiro. Ya ɗauki wuƙa ya yanke jikin daga saman saiwa, ya duba. Cikin ya yi baƙi, ruwa-ruwa. Ya matsa sama ya sake yanka, haka. Ya ƙara matsawa. Duk yankan da zai yi sai Baba ya sunkuyo ya duba, mu ma mu sunkuyo, har ni mai ƙyamar wurin na tsinci kaina tsugune a kan ledar. Guntayen suka taru a gabanmu, babu mai farin ciki ko ɗaya. Da ya rage ɗan ƙolin da ke riƙe da ganyen, mai fulawa ya tsaya, hannunsa ya ƙi.

"Ba ni," in ji Baba.

Ya karɓi wuƙar, ya gwada kaifinta da babban yatsa, ya yanka dab da ganyen, yanka ɗaya mai tsabta irin na wanda ya tsufa a cikin aikin. Ya kai kusa da idonsa, ya juya wajen haske. Ruɓar ta riga shi isa can.

Ya ajiye wuƙar. Ya daɗe yana kallon gawayin da tsakuwar da fasassun tangaran da ke baje a kan leda. A nan na fara ganin hawayensa, suna gangarowa cikin furfurar gemunsa, bai share ba. Ko ranar mutuwar matarsa ban ga ya zubar ba.

"Kullum ta gabanta nake wucewa in tafi lambu," ya ce. "Ina ganinta tsugune a kan tukunyar nan, ban taɓa tsayawa na ga me take yi ba. Na ɗauka wasa take." Ya ɗago ya dubi Auta. "Ke kin san yadda take ba ta ruwa? Da me take aunawa? Yaushe-yaushe?"

Auta ta girgiza kai. "Ban taɓa lura ba, Baba."

Ya juyo gare ni. "Ke fa, 'yata? Kuna hira da ita. Ba ta taɓa faɗa miki ba?"

Da na san ko kalma ɗaya ce, wallahi da na ba shi. Na ce, "Ba ta faɗa ba, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya rufe hannunsa a kan ɓarin farantin.

"To yanzu wa zan tambaya?"

Mai fulawa ya ɗaure bakin buhun sabuwar ƙasar da ya zo da ita, ya saɓa a kafaɗa, ya sauka ba sallama.